Zaman maƙwabta a kan abin da ke hannunmu

Asabar, da daddare.

Yau aka yi zaman maƙwabta da aka daɗe ana ɗagawa, kuma ni aka ɗora wa nauyin jagorantarsa. Tarukanmu na baya kusan duk salonsu ɗaya ne: masu kaifin baki su mamaye fili, sauran jama'a su yi ta gyaɗa kai, a tashi da dogon jerin koke-koke wanda babu wanda ya ɗauki alhakin ko ɗaya daga cikinsu. Wannan al'amari ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin na san mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, na kuma san cewa wanda bai ce uffan ba a bainar jama'a, idan ka same shi shi kaɗai, sau da yawa yakan ba ka shawarar da ta fi duk wadda aka ji a wurin taron.

Saboda haka na roƙi izinin a sauya tsari. Na raba wa kowa takarda da alƙalami, na ce a yi shiru na minti 10, kowa ya rubuta abin da ya iya, da kayan aikin da yake da su waɗanda zai yarda ya ba da aro, da kuma abu guda da yake sha'awar a yi tare. Waɗanda rubutu yake ba su wahala sai matasa suka zauna kusa da su suna rubuta musu. Na ɗauko dabarar ne daga wurare biyu. A shekarar 1987, masanan halayyar ɗan Adam Michael Diehl da Wolfgang Stroebe sun nuna cewa mutanen da suka yi tunani kowa shi kaɗai, sannan aka haɗa abin da suka kawo, sun fi samar da shawarwari masu yawa a kan waɗanda suka zauna tare ana ta jefo magana. Babban dalilin da suka gano shi ne jiran layi: mutum ɗaya ne zai iya magana a lokaci guda, kuma yayin da kake jiran wani ya kammala, abin da ke ranka yakan kuɓuce maka, ko kuma ka yanke cewa bai kai a faɗa ba. Tambayar da na yi kuwa ta samo asali ne daga aikin John Kretzmann da John McKnight na Jami'ar Northwestern a Amurka, waɗanda a 1993 suka yi kira da a fara raya al'umma daga lissafa baiwar mutanenta, maimakon a fara daga lissafa abubuwan da suka rasa.

Shirun bai zo wa kowa da sauƙi ba. Wani dattijo da ya saba buɗe kowane zama ya dube ni ya ce, “Ɗana, taro ne muka zo ko jarrabawa?” Na ce, “Baba, a yi mini haƙuri na ɗan lokaci, idan bai yi amfani ba sai mu koma yadda aka saba.” Ya amince, ya kuma rubuta nasa.

Da muka liƙa takardun a bango muka bi su ɗaya bayan ɗaya, na ga abin da ya sa zuciyata ta yi fari. Akwai mai gyaran keken ɗinki da ya bar sana'ar tun da daɗewa, akwai malamar lissafi da ta yi ritaya, akwai saurayin da ya iya haɗa bidiyo a wayarsa, akwai mutum biyu da kowannensu yake da tsani da na'urar huda bango da ba ya taɓa su sai jefi-jefi. Takardar da ta fi jan hankalina ita ce ta wata yarinya da ba ta wuce shekarun sakandare ba. Ba ta rubuta jimla ko ɗaya ba, sai dai ta zana teburi mai tsawo, mutane zaune a gefe da gefe, a kansa akwai fanka da aka kwance da rediyo da takalmi, a ƙasa kuma ta sa kalma biyu: ranar gyara. Da aka nemi ta yi bayani, muryarta tana rawa, ta ce tana ganin ana zubar da kayan da ƙaramin lahani ne kawai ya same su, alhali akwai masu iya gyara a tsakaninmu, kuma ita tana son ta koya. Na tabbata da a tsohon tsari muke, da wannan shawara ta koma gida tare da mai ita.

Na shaida musu cewa irin wannan tunani ya riga ya yi nasara a wasu wurare. A watan Oktoba na 2009 wata 'yar jarida mai suna Martine Postma ta shirya zaman gyara na farko a birnin Amsterdam, inda masu sa kai suke taya maƙwabta gyara kayansu kyauta, kuma daga nan abin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. A birnin Berkeley na Amurka kuma, tun 1979 ake da wurin aron kayan aiki a ƙarƙashin ɗakin karatu na jama'a, inda mutum zai ari zarto ko tsani kamar yadda ake aron littafi. Na ga yarinyar ta ɗaga kai da ta ji haka.

Gardamar gaske ta taso ne a kan aron kaya, kuma na ji daɗin tasowarta. Ɗaya daga cikin masu tsanin ya ce a fili cewa ya sha ba da aro kayansa su dawo a lalace, ko kuma kada su dawo sam. Wasu sun so a wuce maganar da sunan zumunci, amma na ƙi, domin haɗin kan da ba a yi masa ƙa'ida ba, mai kirkin cikin jama'a ne yake ɗaukar asararsa, har ya gaji ya janye hannunsa. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta sami lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin al'ummomin da suke kula da ruwan noma da dazuzzuka da wuraren kiwo tare. Ta lura cewa tsarin da ya ɗore shi ne wanda aka san iyakar waɗanda ke cikinsa, masu amfani da shi suka tsara dokokinsa da kansu, akwai mai sa ido, kuma hukunci yana farawa daga mai sauƙi kafin ya tsananta. A kan wannan muka gina namu. Za a ajiye littafin rajista, mai aro ya sa hannu tare da ranar mayarwa, wanda ya makara a tunatar da shi, idan ya maimaita a dakatar da shi na ɗan lokaci, wanda kuma ya lalata abu ya gyara. Mai tsanin da kansa ya ce shi zai riƙe littafin.

An yi wasu maganganu a kan sunan da za a ba wa shirin da tambarinsa, waɗanda a ganina lokacinsu bai yi ba, aka ajiye su.

Abin da na dage a kai shi ne kada mu kafa kwamiti mai manyan muƙamai. Mun amince a gwada ranar gyara sau ɗaya tak a ƙarshen wata, a ga abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba, domin mutane sun fi sakin jiki su kawo sabon tunani idan sun san cewa gazawarsa ba za ta zama abin kunya ba. Kowane aiki an rubuta sunan mai yinsa a gabansa. Mai gyaran keken ɗinki zai koyar, saurayin nan zai ɗauki bidiyon sanarwa, dattijon ya ce shi zai nemo izinin amfani da ɗakin da za a yi gyaran a ciki, yarinyar kuma ita ce za ta zana yadda za a jera teburan.

Akwai abu guda da ya tsaya mini a rai. Iyaye mata masu ƙananan yara da masu aikin dare kusan duk ba su samu halarta ba, saboda lokacin da aka sa bai dace da su ba, kuma jerin baiwar da muka liƙa a bango bai cika ba muddin babu nasu a ciki. Gobe, in Allah ya yarda, ni da malamar lissafi za mu bi su gida-gida da sauran takardun, mu yi musu tambayoyin nan uku, mu kuma ji lokacin da ya fi musu sauƙi kafin a tsayar da ranar zama na gaba.