Laraba, ni da sabuwar zuwa

Yau cibiyarmu ta taimakon marasa wurin kwana a cike take tun safe, aka haɗa ni da wata sabuwar zuwa, yarinya ce ƙarama, jakarta rungume a ƙirji ko zama ta ƙi yi da kyau. Ma'aikaciyar da ke karɓar mutane ta riga ta cike mata fom, wajen "ina kika kwana jiya" an rubuta gidan ƙawa, to shi ke nan a takarda tana da wurin kwana, sunanta ya koma can ƙasan layin masu jiran ɗaki.

Ni dai na san amsar nan don ita nake bayarwa lokacin da nake gararamba. Mace ba ta cika shimfiɗa kwali a bakin titi ba kamar maza, tsoron fyaɗe da duka ba zai bar ta ba, sai dai ta kwana tana tafiya ko ta laɓe a tasha ko ta zauna ɗakin jira na asibiti kamar mai jinya, wata ta koma hannun mijin da ta gudo saboda dukansa, wata kuma wani ya ba ta ɗaki yana karɓar abin da ya fi kuɗin haya ciwo. Shi ya sa masu ƙirga mutane a titi da dare ba sa ganinmu. Mai 'ya'ya ta fi kowa ɓoyewa, tsoronta kar a raba ta da su.

Ban tambaye ta labarinta ba wallahi, na nuna mata inda ake cajin waya muka zauna. Can na ce ƙanwata, ɗakin da kike kwana akwai makulli a hannunki? Ta ce a'a Anti. Na ce in kin ce ba kya so ana ƙyale ki? Sai hawaye. Na ce mu je a gyara fom ɗin yanzu ko gobe? Ta ce gobe. Raina ya so yau ɗin amma na bar ta, an daɗe ana yanke mata hukunci ba a tambaye ta ba.

Da yamma a mitin shugabarmu ta sake ɗauko zancen tsarin nan da Sam Tsemberis ya fara a birnin New York na Amurka a 1992, wai a fara ba mutum ɗaki tukuna ba tare da sharaɗi ba sauran matsaloli su biyo baya, Finland ma ta kama shi tun 2008. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kawai na ce wadda fom ya ce tana gidan ƙawa ai ba za ta taɓa shiga layin ɗakin ba, a ƙara tambayar makulli. Ta rubuta, mu gani.

Da za ta tafi yarinyar ta nemi lambata, na ba ta ta ofis, haka doka ta ce. Ta ɗan ɓata rai. Ni ma dokar ba ta min daɗi amma na ga abokiyar aikinmu da ta ba da tata, kiran tsakar dare ya hana ta barci har ita ma ciwon da ya lafa ya taso, ƙarshe ta ajiye aikin gaba ɗaya.