Ranar da na nuna wa iyayen ɗalibaina fim ɗin yaron da karatu ya gagara

Shekara tara ke nan ina koyar da 'yan aji uku na firamare, kuma babu shekarar da ba na samun yaro ɗaya ko biyu da karatu ya ƙi zama musu. In ka ba su labari da baki, sai su maimaita maka shi tiryan-tiryan. Ka miƙa musu littafi kuwa, nan take jikinsu zai yi sanyi. Na sha kiran iyaye ina yi musu bayani, amma kalmar da suka shigo da ita da ita suke fita: daƙiƙi ne, ko kuma malalaci. Da na ga bakina ya kasa, sai na yanke shawarar in nuna musu fim.

Na zaɓi Taare Zameen Par, fim ɗin Indiya na 2007 wanda Aamir Khan ya ba da umarni, ya kuma fito a matsayin malamin zane. Darsheel Safary ne ya fito a Ishaan, ɗan shekara takwas mai larurar disleksiya, wato wahalar karatu da rubutu wadda ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Na tara iyaye a aji wata ranar hutu, na haska a bango, ina tsayarwa lokaci-lokaci ina fassara musu.

Da yake na riga na kalle shi sau da yawa, a ranar fuskokin mutane nake kallo, kuma a nan na gane yadda fim ɗin yake kama zuciya. Ba ya gaggawar faɗin sunan larurar. Kusan rabin fim ɗin yana wucewa kafin malamin da zai gano ta ya bayyana. Duk tsawon wannan lokaci kana tare da yaron: ana korarsa daga aji, ana kwatanta shi da yayansa mai ƙoƙari, uba yana daka masa tsawa. Sai a kai shi makarantar kwana, mota ta tashi da iyayensa yana tsaye yana kallo, waƙar kewar uwa ta biyo baya. A daidai nan na ji ajin ya yi tsit, sai jan hanci. Amma wurin da ya fi tasiri ga maza shi ne inda malamin ya miƙa wa mahaifin Ishaan wani kwali mai rubutun Sinanci ya ce ya karanta, da ya ce ba zai iya ba, malamin ya tuhume shi da rashin mayar da hankali. Wani uba da na sani da zafin hannu ya sunkuyar da kai, bai ƙara ɗagowa ba har aka gama. Da zai fita ya ce min, "Malama, Allah ya yafe mana." Abin da na kasa cikin shekaru, fim ya yi shi a zama ɗaya, kuma har yau ina girmama shi saboda haka.

Bayan kwana uku wata uwa ta zo min. Ta ce, "Malama, na tambaye shi ko haruffa suna yi masa rawa, ya ce a'a. Ke nan nawa ba irin wancan ba ne, wasa ne ya yi masa yawa." Gabana ya faɗi, domin ni na jawo. A fim ɗin Ishaan yana cewa haruffa suna rawa, ana kuma nuna su suna jujjuyawa a kan takarda, ni kuma ban tsaya na yi bayani ba. Wannan zato tsoho ne. Wanda ya ƙirƙiro kalmar disleksiya a 1887, Rudolf Berlin, likitan ido ne a Jamus, kuma an daɗe ana ɗora laifin a kan gani. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a wurin yawancin yaran tushen matsalar yana ga sauti: rarrabe sautukan da ke cikin kalma da haɗa kowane da harafinsa. Juya b da d kuwa abu ne da yara da dama suke yi a farkon koyo. Mai shirya fim ba shi da hanyar ɗaukar hoton yaron da ya kasa ware sauti, shi ya sa yake sa haruffa rawa don mai kallo ya ji ruɗanin. Na kira yaron a gabanta na ce, "Ɗana, ce rakumi." Ya faɗa. Na ce, "To cire ra, me ya rage?" Ya yi shiru mai tsawo, leɓɓansa suna motsi, idonsa ya ciko. Uwar ta dube shi, ta dube ni, ba ta sake cewa wasa ba ne.

Abu na biyu ya fi damuna, har yanzu kuma bai sake ni ba. Ishaan gwanin zane ne, a ƙarshe ma shi ya ci gasar zane ta makarantar. Malamin kuma ya jero wa aji sunayen manya irin su Einstein da Leonardo da Vinci da Edison a matsayin waɗanda suka yi fama da karatu, alhali babu wanda ya taɓa gwada waɗannan mutane a kan larurar, hasashe ne na bayan rayuwarsu. Finafinai suna son wannan salo. A Percy Jackson na 2010 ma an ce jarumin yana kasa karatu ne don ƙwaƙwalwarsa ta dace da tsohon Girkanci. Na fahimci dalili, ana so a ɗaga darajar yaron. To amma uban nan da ya sunkuyar da kai ya saya wa ɗansa fensiran kala da takardun zane, bayan wata guda ya dawo min fuska a murtuke, wai yaron ko zanen bai iya ba. Na ce masa, "Baba, da a ce Ishaan bai iya zane ba, da ya cancanci dukan?" Ya daɗe bai amsa ba. Yawancin yaran da nake koyarwa yara ne kamar kowa. Wani yana son ƙwallo, wata tana da kirki da ƙannenta, shi ke nan. Yana min ciwo in ga an ɗauke wa yaro sunan daƙiƙi an ɗora masa nauyin zama gwani, har ya zama sai ya nuna wata baiwa kafin a tausaya masa.

Sai maganar lokaci. Dabarun da malamin ya yi amfani da su na gaske ne: rubuta harafi a yashi, ƙera shi da yumɓu, furta sautinsa yayin da hannu ke bin siffarsa. Sun yi kama da tsarin da Samuel Orton da Anna Gillingham suka kafa a Amurka a shekarun 1930. Sai dai fim ya dunƙule aikin cikin waƙa guda, iyaye kuma suka ɗauka zango ɗaya ya isa. Larurar ba ta warkewa kamar zazzaɓi, yaro yana koyon karatu ne da ita, a hankali, da maimaici kullum.

Ban daina nuna fim ɗin ba, amma yanzu ina tsayar da shi sau uku: a wurin rawar haruffa, a wurin jerin sunayen manya, da kuma kafin gasar zane. A tsayawar ƙarshe nakan raba wa iyaye faranti da yashi, in koya musu yadda za su zauna da yaro minti goma sha biyar a rana, sauti ɗaya a kowane zama. Yaron nan na rakumi sai da muka yi wata bakwai a haka. Ran nan na rubuta "kumi" a allo, ya sa yatsa ya bi harafi ɗaya-ɗaya, ya karanta. Sai ya juyo ya ce, "Malama, in an sa ra a gaba ya zama rakumi." Ya karɓi alli daga hannuna ya rubuta da kansa.