'Yar uwar aya a gindin famfo

Indai akwai wani lungu a gidanku da kullum yake jiƙe, wajen alwala ko gindin famfon da yake ɗiga, don Allah ku daina barinsa haka yana gansakuka, ku samu wannan ciyawar mai kan lema ku dasa. Dangin aya ce da kajijin nan da mata ke haɗa turaren wuta da shi, sunanta na kimiyya Cyperus alternifolius, asalinta daga Madagaska. Akwai doguwa da take wuce mita 1, amma ni gajeruwar nafi so wadda da ƙyar take kai gwiwa, ita ce take zama ɗas a tsakar gida bata tare hanya.

Nasan hotunan Carex, wasu ciyayin ado na Japan masu ratsin rawaya, suna da kyau a intanet, amma inuwa da sanyi suke so, zafinmu na Maris da Afrilu da yake haura digiri 40 wahala kawai za su sha. Ita ko wannan in dai ƙafarta na cikin danshi shikenan.

Abin da yafi burgeni yadda ake yaɗa ta. Ka yanko kan guda da ɗan kara kamar tsawon yatsa, ka rage ganyen da almakashi rabi, sai ka kifa shi a kofin ruwa, eh kifawa, kai a ƙasa kara a sama. Bayan 'yan makonni zaka ga fararen saiwoyi sirara sun fito daga tsakiyar ganyen da 'yan tsiro kore shar, wallahi ko yara sai sun tsaya kallo. Ko kuma da damina ka tono gindin ka raba shi biyu.

Da hunturu bakin ganyen yana bushewa ya koma ruwan ƙasa, kar hankalinka ya tashi, yanke tsofaffin karan daga ƙasa sababbi za su fito. Ruwan omo da na wanke-wanke kuma a nisanta shi da ita.

Sauro ne kawai nake ja maku kunne a kai. Ƙasa ta jiƙe amma kar ruwa ya kwanta a faranti ƙarƙashin tukunya kwana da kwanaki, a riƙa zubarwa. Sannan in zaku ɗebo ƙasar fadama ku tankaɗe ta sosai, don in ƙwayar aya-aya ta biyo ku ta kafu a gadon fulawa, cire ta aiki ne ja.