Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Mu Huɗu a Kan Na'ura Ɗaya

A makon jiya mun tsaya inda na samu aikin wucin gadi a wani kamfanin sayar da kayan gyaran mota a jihar Ohio ta Amurka, a 1982, ina tsaka da karatun akanta. A can na fara ɗora hannu a kan kwamfuta.

Sunanta Altos ACS 8000, ƙirar wani kamfani da ke San Jose a Kalifoniya. Akwati ce mai nauyi da bakin saka faifai mai faɗin inci 8, an ajiye ta a lungu, fankarta na gurnani wuni guda. Wayoyi huɗu suka fito daga bayanta, kowace ta nufi teburin ma'aikaci. Abin da ke gabana allo ne da madannai kawai, babu komai a cikinsu. Duk lissafin a akwatin nan ake yin sa, da ƙwaƙwalwa ɗaya tak mai suna Z80.

Manhajar da ke raba mana aiki ita ce MP/M ta kamfanin Digital Research. Ma'ajiyar tunaninta kilobait 208 ce: kowa ya samu 48, sauran 16 na tarayya. Hoto ɗaya a wayarku ta yau ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, amma wallahi da shi muke riƙe da bashin kwastomomi, kayan sito da albashi.

Kwano ɗaya ne, hannu huɗu. Idan ƙarshen wata ya zo, dattijuwar da ke kula da albashi ta fara nata lissafin, sai in danna harafi ya yi jinkiri kafin ya bayyana. Ban ɗaga kai ba na san abin da take yi. In mai sito ya buɗe bayanan wani kaya, na'urar ba za ta bar ni in canza su ba sai ya gama. Wannan tsari ya burge ni matuƙa, har yau ina ganin ya fi rikicin kowa da kwafinsa.

Da yamma, kwafe bayanan ranar a faifai aikina ne, ni da na zo ƙarshe. Wata Litinin manaja ya shigo da kwali mai tambarin kamfanin kwamfuta na IBM, ya ajiye a teburina. Abin da ya biyo baya sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.