Fadar da aka zana cikin makonni, aka gina cikin shekara 57

Na fara ziyarar ayyukan Nicodemus Tessin ƙarami, mai zanen gine-ginen da ya zana fadar sarkin Suwidin a Stockholm, daga fadar Drottningholm, ba daga tsakiyar birnin Stockholm ba, kuma haka nake ba duk mai zuwa shawara, domin can ne ya koyi sana'a a hannun mahaifinsa. Da bazara ana shiga jirgin ruwa a bakin ginin majalisar birni, tafiyar kamar sa'a guda ce a kan tafkin Mälaren zuwa tsibirin Lovön. In sanyi ya shigo jirgin ba ya tashi, sai a bi jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Brommaplan a ƙarasa da bas.

Sarauniya Hedvig Eleonora ce ta sa aka fara ginin a 1662, bayan gobara ta cinye tsohon gidan da ke wurin. Uban, Nicodemus Tessin babba, mutumin Stralsund ne, shi ya zana fadar, ya rasu a 1681 bai gama ba. Ɗan, wanda aka haifa a Nyköping a 1654, ya gaji aikin da muƙamin yana ɗan shekara 27. Hannunsa ya fi fitowa a lambun bayan fada. Na tsaya a kan matakala na miƙa ido: hanya ɗaya ce ta tafi ɗoɗar, itatuwa a jere hagu da dama, an datse shuke-shuke daidai wa daida. Salon André Le Nôtre ne, mai tsara lambun fadar sarkin Faransa ta Versailles, wanda Tessin ya je Faransa ya ga aikinsa da idonsa. Iyalan sarkin Suwidin a nan suke zaune tun 1981, saboda haka wani ɓangare a rufe yake ga baƙi.

Amma zuciyar mutumin tana Roma. Ya tafi can a 1673, ya yi karatu a wurin mai zanen gine-gine Carlo Fontana, ya kuma sami kusanci da Bernini, shahararren mai sassaƙa da zanen gine-gine, ta dalilin Sarauniya Kristina, wadda ta ajiye sarautar Suwidin ta koma Roma da zama. Wanda bai san wannan ba zai sha mamakin fadar Stockholm. Na sauka a tashar Gamla stan, na ratsa lunguna masu gidaje dogaye da rufi mai tsini, sai ga wani ƙaton gini mai kusurwa huɗu, babu hasumiya, babu tsini, samansa a miƙe. Irin fadojin manyan Roma ne aka dasa a ƙasar dusar ƙanƙara. Akwai rufin tagulla a sama, an karkatar da shi zuwa tsakar gida yadda mai tsayuwa a titi ba zai gan shi ba.

A fara kewayawa daga arewa, wajen gangaren da ake kira Lejonbacken, inda zakoki biyu na tagulla suke. Wannan ɓangaren ya girmi sauran. Tessin ya fara shi a 1692 a jikin tsohuwar fadar Tre Kronor, mai ganuwa da hasumiya irin ta zamanin da. Ranar 7 ga Mayu 1697 wuta ta tashi a ƙarƙashin rufi. Sarki Karl na 11 ya rasu wata guda kafin nan, gawarsa na cikin fada, da ƙyar aka fitar da ita. Mafi yawan littattafan sarki da takardun tarihin ƙasa sun ƙone. Sabon ɓangaren arewa ne ya tsira, kuma cikin 'yan makonni Tessin ya kawo zanen fada sukutum wadda za ta ɗora a kansa. Saurin ya nuna cewa ya daɗe da ita a ransa. A ƙarƙashin wannan ɓangaren akwai gidan tarihi na Tre Kronor, inda na ga ragowar tsohuwar ganuwa da ƙananan siffofin fadar kafin gobara. Wanda ya tsallake wurin ba zai gane abin da aka rasa ba.

An yi zaton shekaru kaɗan za a gama. Sai yaƙi ya ɓarke a 1700, Karl na 12 ya kwashi maza da kuɗi ya tafi fage. Da Rasha ta karya rundunarsa a Poltava a 1709, aiki ya tsaya cik, aka bar bango ba rufi. Sarkin na gudun hijira a Bender, cikin daular Usmaniyya, yana musayar wasiƙu da Tessin a kan zane, alhali baitulmali wayam. Sai daf da rasuwar Tessin a 1728 aka koma bakin aiki. Ɗansa Carl Gustaf ya karɓi shugabanci, mai zanen gine-gine Carl Hårleman ya ɗauki nauyin ciki, shi ma ya rasu a 1753. Iyalan sarki sun tare a 1754, bayan sun shafe duk tsawon lokacin a gidan Wrangel da ke tsibirin Riddarholmen.

Ana ganin wannan giɓin a cikin ɗakunan, waɗanda sun haura 600. Zauren Karl na 11, mai kwaikwayon zauren madubai na Versailles, na zamanin Tessin ne: ado mai nauyi, ruwan zinariya, zane a sama, aikin masu sassaƙa da masu fenti da ya ɗauko daga Faransa. A nan sarki ke yi wa waɗanda suka ci kyautar Nobel liyafa. Ɗakunan Hårleman kuwa launinsu a sanyaye yake, adonsu siriri mai lanƙwasa. A ganina na Hårleman sun fi daɗin zama, na Tessin sun fi kwarjini, kuma kwarjinin ake nema a lokacinsa.

A waje na tarar da gefe ɗaya lulluɓe da karagar magina. Tun 2011 ake gyaran bangon kashi-kashi. Jikin ginin bulo ne da shafe, adon tagogi da ginshiƙai kuma na dutsen yashi ne daga tsibirin Gotland. Dutsen yana da taushin sassaƙa, amma yana shan ruwa. In ruwan ya daskare sai ya kumbura ya fasa shi, ƙarafan da aka ɗaure duwatsun da su kuma in sun yi tsatsa su ƙara tsaga shi daga ciki. Mai son hoto ya duba wane gefe ake aiki kafin ya zo.

Daga ƙofar kudu, wadda Tessin ya yi wa siffar ƙofar nasara da ginshiƙai shida, na tsallaka dandalin Slottsbacken zuwa gidan da ya gina wa kansa tun daga 1694. Gwamnan lardin Stockholm ne ke ciki yanzu, ba kullum ake buɗe shi ba. Filin ƙarami ne kuma a karkace, sai ya tsuke bangon ƙarshen lambu ya rage girman ginshiƙai a hankali, ta yadda ido zai ɗauka wurin ya fi haka zurfi. Wannan gidan dai ya gama shi, ya kuma zauna a ciki yana kallon fadar da aka bari rabi da rabi a ƙetaren titi.