Kafin ka miƙa kunne ga basilla

Ina da shekara 19 aka yi taron matasa a majami'armu nan Maradi. Mai wa'azi ya karanta Fitowa sura 21, zancen bawa Ba'ibrane da ke bauta shekara shida, a ta bakwai a sallame shi. In kuwa ya ce yana ƙaunar maigidansa, ba ya son fita, sai a kai shi bakin ƙofa a huda masa kunne da basilla, ya zauna muddin ransa. Da aka ce wa ya yarda, ni na fara miƙewa, hawaye shaɓe-shaɓe, ganga na tashi, mata na guɗa.

Ƙannena, in ba ku taɓa duban basilla da kyau ba, ku tsaya wurin dukawa a kasuwa. Ƙarfe ne mai tsini da ƙotar itace, baduku sai ya danna da ƙarfinsa kafin ta ratsa fatar bijimi. Ni a daren nan daɗin waƙa kawai na ji. Ban lura bawan ya shekara shida a gidan kafin ya buɗe baki ba. Ya san fushin maigida, ya san watan da tuwo ke ƙaranci. Maimaitawar Shari'a sura 15 ma ta hana a sallame shi hannu wofi, sai an ɗiba masa daga garke da masussuka. Wato ga dukiya a hannu, ga ƙofa a buɗe, sannan ya ce zai zauna. Ni ko shekara ban cika da baftisma ba. Don haka in an yi kira jikinka ya yi zafi, ka je gida ka kwana, ka yi hidimar da ba a tafa wa na ƴan watanni, sannan ka yi alkawari.

Na rungumi komai: mawaƙa, makarantar Lahadi, ƙirga baiko, har gyaran lasifika. Kowa na cewa ga bawan Allah. Amma can cikin zuciya akwai wani littafin bashi irin na mai kanti, kullum ina rubutawa. Azumi kaza, zakka kaza, kwanan majami'a kaza. Ɗan ƙwadago ne ni, mai jiran la'asar a ba shi ladansa, ina ta kiran kaina bawa.

Asirina ya tonu a watan Agusta 2019, da aka rufe iyakar Najeriya. Kayan da nake kawowa daga Jibiya suka tsaya, bashin jaka 600 ya hau kaina, a shekarar kuma aka zaɓi dattawan ikilisiya ba a ko ambace ni ba. Addu'ata ta koma irin maganar babban wan nan na misalin ɓataccen ɗa a Luka 15, mai cewa shekara da shekaru yana bauta wa mahaifinsa, ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Na ajiye makullin majami'a, na yi wata 14 ban taka ba.

Akwai wani kuskuren da nake jin kunyarsa. Na daɗe ina ɗauka hidimar Allah da faranta wa wani babba rai abu guda ne. Mota na wanke, aike na je, matata na jirana da yaro ba lafiya. Kalmar bawa ba wasa ba ce a ƙasar nan, sai a 2003 doka ta sa hukunci a kan bautar da mutum. Bulus ya kira kansa bawan Yesu Almasihu a farkon Romawa, kuma ya gargaɗi Korantiyawa kada su zama bayin mutane. Ka girmama fasto da dattawa, ka taimaka musu. Amma duk wanda ya ce tambayarsa zunubi ce, ka ja jiki.

Wata tsohuwa ce ta dawo da ni, ba tare da ta sani ba. Tun tana budurwa aka yi mata maganin kuturta a asibitin Danja, yatsunta sun guntule. Na biyo da asuba ran Asabar, na hango ta tana sharar harabar majami'a, ta maƙale tsintsiya tsakanin tafukanta biyu. Na gaishe ta, na ce, "Inna, duk matasan nan, ke ce da shara?"

Ta ce, "Ɗana, gidanmu ne. Wa zan jira?" Ta ɗago ta dube ni. "Kai kuma ka ɓata. Tun da ka zo, kama mini bencin can."

Na kama. Yau shekara huɗu ke nan jera benci ne aikina ran Asabar. Littafin bashin bai ɓace ba, makon jiya ma na kama kaina ina ƙirga wanda bai zo taya ni ba, bencin na kafaɗata.