Hoto ɗaya tak duk sati

Wata bakwai ke nan da wani abokina ya jefa ni cikin gurup ɗinsu na WhatsApp, masu sha'awar ɗaukar hoto ne a nan Kano. Daren Lahadi za a faɗi abin da za a ɗauka, kafin Asabar kowa ya turo hoto ɗaya tak. Ɗayan nan shi ne aikin wallahi, don sai ka ɗauki sittin ka zauna kana tankaɗe da rairaya, a nan ne na fara tambayar kaina me ya sa wannan ya fi wancan.

Satin farko layukan kamara aka ce mu kunna, waɗanda ke raba fuskar waya gida tara, ka ɗora abin da kake ɗauka a ɗaya daga mahaɗa huɗun nan maimakon tsakiya. Wannan bai ba ni wuya ba.

Wanda ya zauna min a rai shi ne satin launi ɗaya. Na zaɓi shuɗi na nufi karofin Ƙofar Mata, marinar da take nan tun 1498. Da azahar na je, rana a tsakar ka, hotunan duk suka fito a ƙone, shunin ya koɗe, fuskokin mutane kuma sai inuwa. Washegari na koma wajen bakwai da rabi na safe, na gaida wani dattijo na ce Baba ko ka yarda in ɗauke ka kana aiki, ya ce bismillah ɗana amma kar ka tare min hanya. Na tsuguna dab da bakin ramin ina jira. Ashe idan aka tsamo yadi daga ruwan baba kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka, to daidai lokacin nake so, ruwa na ɗiga daga yadin hannunsa na sama. Har zan danna sai na hango jan babur a bayansa wanda zai ɓata komai, na matsa taku biyu hagu babur ya fita. Tun ranar nake fara duba bayan mutum kafin fuskarsa.

Satin motsi kuwa adaidaita sahu na bi. Ka sa saurin shata, wato tsawon lokacin da kamara ke buɗewa haske ya shiga, a 1/30 na sakan, ISO, wato ƙarfin jin haske na kamara, can ƙasa, ka jira la'asar sakaliya haske ya ragu, ka manne gwiwar hannu a jiki kana juyawa da ƙugu tare da shi kana dannawa, shi ya fito tas titi ya zama zare-zare. Cikin hotuna arba'in da wani abu, biyu ne suka yi.

Gyaran da 'yan gurup ke yi yana da zafi amma yana da amfani, su suka nuna min falwayar wuta da ta tsiro a kan wani yaro a hotona, su kuma suka ce in riƙa turawa a matsayin fayil don WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau.

Wannan satin inuwa aka bayar, kuma hazo ya sauko, gobe da asuba Dutsen Dala zan hau in rage hasken kamara in jira wani ya gifta tsakanina da rana.